Iyakar Rakiyata Gindin Ɗorawa

A cikin birnin Zariya ba a tafiya haka kawai. In an gan ka a hanya, to gaisuwa za ka, ko ta'aziyya, ko kasuwa, ko masallaci. Dattijo ya fito zagaye don wai jini ya motsa, kafin ya kai ƙarshen layi mutum uku sun tambaye shi ko lafiya, na huɗu ya aika gidansa a ji ko faɗa aka yi. Ni kuwa na yi shekara talatin da 'yan kai ina tafiyar da ta fi ta kowa tsawo a unguwarmu ta Kwarbai, ba wanda ya taɓa tuhumata, domin kowa ya san rakiya nake yi.

Wanda nake rakawar wani manomi ne daga wani ɗan ƙauye a ƙetaren tafkin da ke bayan ganuwa. Ɗalibin mahaifina ne. Kowace Asabar da hantsi yakan iso zaurenmu da littafinsa a cikin gafaka, ya zube ya gaida Malam, ya ɗauki darasinsa layi uku ko huɗu, ya ci abincin rana tare da mu. Sa'ana ne, wata biyu kawai ya ba ni. Ni a lokacin ina aikin ajiye takardu a wani ofis a unguwar Kongo, ina sa takalmi sau-ciki, ina ganin kaina wani abu. Yana kirana Malam ƙarami, ni kuma ina kiransa Sarkin tafki don tsokana, saboda ko kwalekwale ba shi da shi.

Da Allah ya yi wa mahaifina rasuwa, ɗalibai suka watse, kowa ya nemi wani zauren. Shi kaɗai ne bai daina zuwa ba. Asabar ɗin farko bayan an share makoki sai ga shi da gafakarsa.

Na ce, "Sarkin tafki, ai mai karatun ya tafi."

Ya ce, "Buzunsa bai tafi ba. Hau ka zauna."

Na hau. Ba ni da ko rubu'in ilimin mahaifina, shi ma ya san haka. Mukan buɗe littafin mu karanta layi biyu don fita kunya, sauran yinin kuma hira ce da musu.

Amma akwai abin da na gada tare da buzun nan. A gidanmu zuwa ake yi. Mahaifina yakan ce ilimi wurinsa ake zuwa, shi ba ya zuwa wurin kowa, kuma da gaskiyarsa, don yana da ilimin. Ni na ɗauki maganar na zura ta kamar rigar da ta fi ƙarfina. Mahaifina iyakar rakiyarsa bakin zaure, ko wane ne baƙon. Ni kuwa nakan raka Sarkin tafki har gindin wata ɗorawa a bakin ruwa, tafiyar minti arba'in da wani abu, don haka a raina babu mai sauƙin kai kamata a duk faɗin Zazzau.

Bayan la'asar muke tashi. Mu bi lunguna, mu wuce ƙarƙashin rimi, mu fita ta Ƙofar Galadima. Daga nan gonakin dawa ne, sai hanyar ta tsuke ta koma ta ƙafa, ta kutsa cikin sabara da kargo. Lokacin da 'ya'yana uku suke ƙanana ba sa yarda a bar su a gida. Sukan ruga gaba, su tsinko magarya da ɗinya, bakinsu ya yi baƙi, su dawo su nuna masa ganye ya faɗa musu sunansa da maganin da yake yi. Ni da na yi boko ban san tafasa daga rai-ɗore ba, shi ya koya mini a gaban 'ya'yana, yana dariya. In makwarwa ta tashi fir daga ƙarƙashin ƙafarmu, autata ta ƙwalla ihu ta ruƙunƙume shi, ba ni ba. Mukan koma gida wanduna cike da ƙarangiya, uwarsu ta zauna tana tsincewa tana faɗa, wai mutane suna raka baƙo bakin ƙofa, mu sai mun raka shi har lahira. Amma mako mai zuwa ita ce za ta ƙulla musu gyaɗa a leda.

Sai ka hau wani ɗan tudu kafin ka ga tafkin. Ba wani babba ba ne, amma ba ya ƙafewa ko da rani. Bado ya rufe gefensa, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya, kirinjijiya na kuka, da yamma shanun Fulani su gangaro shan ruwa. Ɗorawar tana nan a daidai inda hanya ta fara zagaya ruwan. Mukan zauna a kan saiwarta, yara su yi ta jifan ruwa, ni in buɗe sabon musu. Ina da surutu, ban ɓoye ba. In ya yunƙura zai tashi sai in ce, "Tsaya mana, ina kake sauri?" Sai rana ta yi ja sannan in sallame shi.

"To, Sarkin tafki, ka gaida gida."

"Gida zai ji. Koma haka nan, Malam ƙarami, rakiyar ta isa."

Ya rataya gafakarsa, ya shige cikin geza, ciyayi su rufe shi. Mu kuma mu juyo, mu iso ƙofar gari daidai kiran magariba. A zuciyata gidansa na nan bayan ciyayin, ɗan taku kaɗan. Ban taɓa tambaya ba.

Ya sha ce mini, "Yaushe za ka zo ka sha furarmu?" In ce ina nan tafe. An yi masa haihuwa na aika da turmin atamfa ta hannunsa. Ya aurar da 'yarsa na aika da gudummawa, na ce aiki ya riƙe ni. Da mahaifiyarsa ta rasu ina Kaduna wajen wani kwas, na dawo na ce gobe, na ce jibi, har Asabar ta zo ya same ni a zaure, a nan na yi masa ta'aziyyar uwarsa, ina zaune a kan buzu. Ya karɓa, ya yi godiya. Na san mai karatu zai ce wannan mutum ba shi da kunya, kuma ba zan yi musu ba. Na san zumunci a ƙafa take, har nakan faɗa wa mutane. Ni dai ina ganin tafiyar da nake yi zuwa ɗorawa ta biya.

Shekaru suka tafi da mutanen gidana ɗaya bayan ɗaya. Manyan yaran biyu aiki ya kai su nesa, auta ta yi aure a Abuja. Na yi ritaya. Sannan uwarsu ta kwanta ciwon kwana tara, Allah ya karɓi abarsa. Gidan da a da sai ka ɗaga murya kafin a ji ka ya koma in cokali ya faɗi a tsakar gida sai in ji shi daga zaure. Matar ƙanena ke aiko mini da abinci, in ci ni kaɗai, in wanke kwanon don in sami abin yi. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, ban kuma gaya wa kowa ba. Kwana shida nake yi ina jiran Asabar, tun daren Juma'a nake share zaure.

Asabar ɗin ƙarshe da ya zo, a ƙarshen damina ne, muka yi musu a gindin ɗorawa a kan ruwan tafkin. Na ce yana ja baya, kuma su manoman rani ne suka tsotse shi da injin ban-ruwa. Ya ce yashi ne ke cike shi daga sama. Na ƙi, ya ƙi. Da na ga ba zan ci ba sai na ce, "Baƙauye dai baƙauye ne, ko ya shekara ɗari yana zuwa birni." Irin wannan tsokanar mun saba da ita, yakan rama da cewa ɗan birni ko akuya ba ya iya ɗaurewa. Ranar bai rama ba. Ya yi murmushi, yana murza hannunsa na hagu, ya ce hannun ya yi masa nauyi tun safe. Na ce tsufa ne, na sallame shi.

Asabar ta zagayo, hantsi ya yi, bai zo ba. Na zauna a kan buzu har azahar, abincin mutum biyu ya huce. Na kira wayarsa, a kashe. Wannan bai dame ni ba, don wayar tasa ta fi zama a kashe, sai an kai caji wani gari. Abin da ya zo mini shi ne fushi ya yi. Ni ma sai na yi fushi. Shekara talatin muna wasa, yau don na ce baƙauye shi ne zai yi mini yaji kamar amarya? Na ce bari mu gani wa zai gaji.

Asabar ta biyu ma shiru. Ta uku na kasa zama. Bayan la'asar na ɗauki sandata na fita, maƙwabcina ya ce, "Malam, yau ina baƙon?" Na ce ya yi gaba. Na bi hanyar ni kaɗai har ɗorawa, na zauna a kan saiwar ina kallon gezar da yake shigewa. Hanyar ga ta nan a buɗe, ba wanda ya tare ta. Na ce a raina daji ya lalace yanzu, mutum ba ya shiga inda bai sani ba. Na ce gwiwata. Na ce in da wani abu ne ai da an aiko. Rana ta yi ja, na tashi na koma gida. Haka na yi Asabar ta huɗu, da ta biyar, da ta shida. Girman kai rawanin tsiya, kuma ni na naɗa shi da kyau.

Autata ce ta kira ni wani daren Alhamis bayan isha'i, tana ba ni labarin wani wurin shaƙatawa a garinsu, inda aka gyara hanya ta zagaye ruwa, iyali ke zuwa da yara su taka. Ta ce duk lokacin da suka je sai ta tuna tafkinmu. Sai ta ce, "Baba, ya Baba na ƙetare?" Haka suke kiransa tun suna yara.

Na ce ya yi fushi, mako shida ke nan bai zo ba.

Ta ce, "To ka je gidansa mana."

Na ce, "Ban san gidan ba."

Ta ce, "Baba, na tuna ina ƙarama na taɓa cewa mu bi shi mu ga gidansu, ka ce rakiya ba ta wuce ɗorawa. Na zaci kai kana zuwa wasu ranakun." Ba ta ƙara komai ba, tarbiyyar uwarta ce. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Asabar ta bakwai na fita da sassafe. Na iso ɗorawa rana ba ta yi zafi ba, na tsaya kaɗan, na yi bisimilla na shige cikin gezar.

Babu gida a bayan ciyayin, babu ko bukka. Hanyar ta gangara cikin taɓo, takalmina ya nutse har idon sawu, sai da na cire na riƙe a hannu. Daga nan wani kwazazzabo ne da ruwa ke bi ya shiga tafkin, an gicciya itace guda a kansa. Na tsaya ina kallon itacen nan, ya yi sumul saboda taku. Da rarrafe na haye shi, ni mai furfura, ina godiya ga Allah da ba kowa. Sai hawa, sai ƙaya, sai wani dogon zagaye inda ruwan ya yi ƙafa ya shiga cikin daji. Ina tafe ina duba agogo. Minti arba'in ɗina suka wuce, awa ta wuce, ban ga rufin ɗaki ba. Da na waiwaya na hango ɗorawar can ƙetare, 'yar mitsitsiya, daga wannan ɓangaren ban ma gane ta da farko ba.

A kan wani tudu mai kallon ruwan na ga an jera duwatsu an kewaye wani ɗan fili, an fitar da alƙibla. Masallacin matafiya ne irin wanda ake yi a bakin hanya, sai dai ban taɓa ganin ƙarami kamarsa ba, mutum ɗaya kawai zai ɗauka. Ƙasar cikinsa ta daddale, amma ciyawa ta fara tsirowa a gefe. Na zauna kusa da shi na huta, na wuce.

Sai da na yi awa ɗaya da rabi daga ɗorawa sannan na ji kukan zakara. Na tarar da wata mata tana sussukar gero, na yi sallama, sai na rasa yadda zan yi tambayar. Na ce ina neman gidan wani dattijo mai zuwa birni ranar Asabar. Ta ajiye taɓarya ta dube ni daga sama har ƙasa, ga taɓo har gwiwa.

Ta ce, "Lale, lale! Ko kai ne Malam ƙarami?"

Duk ƙauyen an san ni. An san ina da surutu, an san matata ta rasu, an san autata na tsoron makwarwa. Ni ko sunan unguwarsu ban riƙe daidai ba.

Na same shi a ƙofar gida, a kan tabarma, an jingina shi da bango da matashi, fuskarsa na kallon hanyar da na fito. Ya rame. Bakinsa ya ɗan karkace, hannun hagu na kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Babban ɗansa, magidanci mai gemu, ya taso ya karɓi sandata, ya gaya mini a hankali cewa daren da ya dawo daga wurina ne ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Sun so su aiko mini, ya hana. Ya ce kada a ɗaga wa Malam hankali, in ya ga shiru zai zo da kansa. Kowace Asabar tun da hantsi sai ya sa an fito da shi nan.

Na durƙusa a gabansa. Shi ya fara magana, harshen na ja.

"Malam ƙarami, ɓatan hanya ka yi?"

Na ce, "Sarkin tafki, ka yafe mini."

Ya ce, "Me ka yi? Kai, ku kawo masa furar nan, shekara talatin tana jiransa, ta yi tsami."

Aka yi dariya, ni ban iya ba. Na sha furar hawaye na zuba a cikin ƙwaryar, ban damu da wa ke kallo ba. Muka yi hira kaɗan-kaɗan, don yana gajiya. Na ce masa na ga yashin da yake faɗa, shi ke da gaskiya. Ya ce a rubuta ranar nan. Sannan na tambaye shi ɗan masallacin da na gani a kan tudu, wane ne ke salla shi kaɗai a dajin nan.

Ya ce, "Nawa ne. Ai kullum a nan magariba ke riska ta. In ka ce tsaya mana, ina kake sauri, to na san sallar tudu ce."

Na ce, "Me ya hana ka gaya mini?"

Ya ce, "Da ka rage hirar. Ni kuma ita nake zuwa ji."

Ana idar da azahar ya ce in kama hanya, kada duhu ya same ni a kan itacen nan. Na miƙe. Sai ya ce wa 'ya'yansa su ɗaga shi. Suka ce Baba ka zauna, ya daka musu tsawa da rabin bakinsa, wai a gidan wa aka taɓa sallamar baƙo a zaune. Suka tallafe shi su biyu, ƙafar hagu na jan ƙasa. Taku huɗu ya yi, ya tsaya yana haki.

Ya ce, "Yau iyakar rakiyar ke nan, Malam ƙarami. Ka yi haƙuri. Ka gaida gida."

Babban ɗan ya ce zai kai ni a babur ta babbar hanya, na ƙi. Na biyo hanyar da na zo. La'asar ta same ni a kan tudun, na yi alwala a bakin ruwa, na shiga tsakanin duwatsun nan. Daidai goshina akwai ɗan lotsawa a ƙasa.

Asabar biyar na samu ina zuwa. A ta uku ya ce mini ƙafar ta fara motsi, in Allah ya yarda kafin rani zai rako ni har tudu. Na yarda da maganar don ina so in yarda. A hanyar komawa na ajiye sandata, na tattaro duwatsu, na ture gefe ɗaya na masallacin na faɗaɗa shi, na cire ciyawar. Ranar wata Laraba da safe ɗansa ya kira ni. Wannan karon na yarda na hau babur, na samu jana'izar.

Har yanzu ina fita kowace Asabar bayan azahar, in gwiwa ta bari. Maƙwabta sun daina tambayata ina baƙon. Ba na zama a gindin ɗorawa, wucewa nake yi, in haye itacen, in kai tudu kafin la'asar. Masallacin yana ɗaukar mutum biyu yanzu. Nakan tsaya a gefen da na ƙara, in bar masa nasa.